Bayan Ɗakin Yaya

A ƙauyenmu, can gefen Kanan Bakashe, jaririn da ya koma kafin suna ba a kai shi maƙabarta. Cikin gida ake rufe shi, bayan ɗakin uwarsa, ba a kuma sa wata alama. Daga nan sai a ce wa uwar ta yi haƙuri, kowa ya kama gabansa.

Yayata ta yi aure tun ina lakwal, makarantar boko. Mijinta mutumin kirki ne, sai dai ƙafarsa ba ta zama wuri guda. Da an ɗaure gero zai saɓa jaka sai Aljeriya, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗowa. Haihuwar Yaya kuwa, kamar da gayya, da rani take zuwa. Na farinta namiji ne, ya yi kuka sau ɗaya ya yi shiru. Surukinta, tsohon gidan, ya haƙa masa rami a bayan ɗaki. Daga baya wasu biyu suka bi shi can. Ni nake hura mata wutar wankan jego, tana watsa ruwan zafi safe da yamma, nono na zuba, babu mai sha. Har yau warin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa yana tsinka mini zuciya.

Allah ya raya mata 'yan mata, su mutane ke nufi in sun ce ina iyali. Amma wurin nan na bayan ɗaki kullum a share yake. Ba ta zuba ruwan wanke-wanke a can, akuya ba ta isa ta kwanta ba, can kuma take kai tabarma in za ta tsinke zogale. Ba ta taɓa faɗin dalili ba. Macen garinmu ba ta kama sunan ɗan farinta ko yana raye, balle ta buɗe baki gaban maza ta ce ga inda yake kwance.

Wata shekara tafiya ta yi wa mijin kyau, ya ce zai gina wa Yaya ɗakin siminti da rufin kwano. Tsohon ya riga ya rasu. Na zo hutu daga Tasawa, inda nake koyarwa, na tarar an ja igiya, magini da diga a hannu, ya riga ya tsaga ramin tushe daidai wurin nan. Yaya tana bakin murhu tana dama musu fura.

Na ja ta ɗaki. "Yaya, kina kallo? Ba ki gaya mishi ba?"

"In ce mishi mi?" in ji ta. "Ke dai rufe bakinki."

Ni kuwa Allah bai yi ni da rufe baki ba. Na fita na kira mijin gefe. Da wasa ya tarbe ni, yadda muka saba: "Malama, kishi kike an yi ma yayarki ɗaki?"

Na ce, "Ɗiyanka na nan ƙarƙashin igiyar ga."

Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya san an haifa, ya san sun koma, a wayar salula aka gaya masa yana wata ƙasa. Bai taɓa tambayar inda aka sa su ba, ba a kuma taɓa nuna masa ba. Ya durƙusa bakin ramin ya daɗe yana leƙawa. Magini, don ya kwantar masa da hankali, ya rantse bai ci karo da komai ba, yashi ne zalla. Wannan magana ta fi tsorata ni da a ce ya ga ƙashi.

Mijin ya aike ni in gaya wa Yaya za a cike ramin a koma gabas da rumbu. Ta ci gaba da damun furarta, ludayi a hannu, har na zaci ba ta ji ba. Sannan ta ce in gaya masa a ci gaba, a wurin nan take son ɗakin.

Na ji haushinta ƙwarai. Na ɗauka kunya ce ta sake cin ta, ta bari a danne 'ya'yanta da bulo don kada a ce ta yi magana. Ban ƙarasa hutun ba, na hau motar kasuwa na koma Tasawa ko sallamar kirki ban yi mata ba.

Sai bayan kaka na dawo. Ɗaki ya tashi, kwano na ƙyalli, an jera kwanuka har sama. Da azahar na shiga, na same ta ta bar gadon ƙarfen da aka sayo mata, ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ƙaramar 'yarta tana barci a gefenta. Na zauna, haushin bai gama sakina ba, na ce, "Yaya, kina iya barci a ɗakin ga kuwa?"

Ta shafa siminti da tafin hannu, a hankali, yadda ake lallaɓa bayan jariri.

"Damina nawa suna waje ruwa na dukansu," in ji ta. "Tunda na fara haihuwa ban taɓa kwana ɗaki guda da ɗiyana duka ba sai bana."