Darlene Pruitt da Takardar Cikin Kujera

Ƙarfe shida da rabi na safe Darlene Pruitt take buɗe shagonta a bayan garin Flint. Ta ɗora kofi baƙi ƙirin, ta kunna rediyon da ba ya kama tasha sai ɗaya, ta zauna a gaban keken ɗinkin da ya girmi rabin kwastomominta. Shekara hamsin da biyar ke nan tana ɗinka kujerun mota da rufinsu, tun tana budurwa a masana'anta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye almakashi.

Bara Wendell Haskins, dillalin tsofaffin motoci da ya taso a unguwarsu, ya jawo mata wata gawar mota daga rumbun wani manomi. Ƙirar 1970 ce, mai rufin da ke naɗewa baya, injinta silinda takwas, irin wadda in ta yi gurnani tagogin maƙwabta ke rawa. Kaɗan aka ƙera irinta. Darlene ta ɗinka kujerunsu da hannunta a wancan zamanin, kuma babban burinta ta raya guda ɗaya kafin ta yi ritaya.

Tana farke kujerar baya ta ci karo da takardar da ma'aikata kan cusa cikin sifirin, wato ƙarafan cikin kujera, mai bayanin yadda mota ta fito daga masana'anta. Ɓeraye sun ci gefenta, amma tana karantuwa: giya huɗu ta hannu, farin rufi mai aiki da lantarki, babu na'urar sanyi, fenti kore, kujeru koraye.

Wendell ya tsuke fuska. A wurin gwanjo ja ake rububi, shi kuwa har ya sayi jan fenti. Ya ce ta ɗinka fararen kujeru, takarda kuma ta bi shara, wa zai sani?

"Haba Yaya Darlene, wa zai sayi kwaɗo?"

"Kai ma ka rina gashinka, Wendell, ka koma ɗan ashirin ne? Koriya ta fito, koriya za ta koma. In ƙarya kake so a ɗinka maka, ga ƙofa nan."

Ya kuwa ja gawar motarsa ya tafi da ita. Masu shagunan layin sun shaida mako uku Darlene ba ta kunna rediyo ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don ta san wata irinta ba za ta sake shigowa ba. Amma ba ta kira shi ba.

Shi ya dawo da ƙafarsa, yana sosa ƙeya. Duk inda ya je an ce masa ainihin zanen kujerun nan ita kaɗai ke da shi, a ajiye a takarda da kuma a kanta. Ya yarda a bar ta koriya. Wata bakwai ta yi a kan aikin. A gasar tsofaffin motoci ta bana alƙalai uku suka duba motar ciki da waje da takardar a hannu, ba su sami inda za su rage maki ba. Wendell da kansa ya buɗe mata ƙofar gaba, ya miƙa mata makulli, ta zagaya fili rufi a naɗe.

Ke ce, Darlene, mai allurar da ba ta ɗinka ƙarya. Kin yarda ki rasa aikin da kika fi so a duniya a kan wata tsohuwar takarda da a lokacin babu wanda ya gani sai ku biyu. Muna alfahari da ke, mun gode, Allah ya ba da hutu mai daɗi. Masu tasowa a wannan sana'a, in an ce muku "wa zai sani?", ku tuna amsar tana zaune a kan kujerarku: ku ne za ku sani.