Ranar da Na Kai Hajiya Ganin Teku

A duk shekarun da na yi ina aikin rakiyar baƙi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Asabar a watan Yulin 1976. Lokacin ina ɗaliba a Landan, ina karatun aikin laburare, in an yi hutu kuma ina taɓa aiki a wani ɗan ofis a Tottenham. Shekarun ne kuɗin fetur ya buɗe wa mutanenmu hanya, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suna ta zuwa asibiti ko sayayya, mu kuma mu samar musu masauki da mota da tafinta. Mai ofishin, Oga Danjuma, ya ɗauke ni ne don na iya tsara tafiya, ba don baki ba. In baƙo ya ɗaga murya, tawa ɓacewa take yi. Babbar ƙa'idarmu kuwa ita ce wanda ya yi booking, wato ya ɗauke mu aikin, shi ke da magana, ɗan rakiya ba ya musu da shi.

Wanda ya yi booking a ranar Alhaji Garba ne, ɗan kwangila daga Gusau. Ya kawo mahaifiyarsa an cire mata yanar ido, kuma washegari za su koma gida. Da likita ya kwance mata bandeji, abu ɗaya ta roƙa, a kai ta ta ga teku. Ta je Makka, amma lokacin idon ya riga ya dushe, ruwan Jidda sai dai ta ji ana labarinsa.

Alhaji shi ne ɗanta na fari. Ku sababbin 'yan rakiya da kuka tashi a nan Landan ba lallai ku san nauyin wannan ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Duk abin da take so ni take gaya wa, ni kuma in gaya masa, alhali yana kujerar gaba yana ji.

Brighton na zaɓa, wani gari a bakin teku. Na taɓa zuwa da hunturu, na tarar da bakin ruwan tsit, daga tsakuwa sai tsuntsaye. Na tsara mu fara da teku, mu ga wata fada mai ƙubbobi da ke garin, mu ci kifi da soyayyen dankali, Hajiya ta sayi tsaraba. Sai dai a shekarar an yi zafin da Turawa ba su saba da shi ba. Da motarmu ta gangaro titin bakin ruwa, sai ga mutane kwance iya ganinka, maza da mata, kowa da ɗan ƙyallen da bai rufe komai ba.

Alhaji ya yi salati, ya sunkuyar da kai, ya ce wa direba ya juya. Sannan ya ce da ni ba zai kawo uwarsa ta buɗe sabon ido a kan tsiraici ba, a yi cancel, a fasa tafiyar, mu koma Landan. Direba ya fara neman inda zai juya. Hajiya tana gefena sanye da baƙin tabarau, ba ta ga komai ba sai bayan wasu manyan motoci da suka tare mu. Sai na ji ta riƙe min hannu.

"'Yar nan, ki ce wa wancan tun bai yi wayo ba nake ungozoma. Babu abin da ke kwance can wanda ban taɓa wanke irinsa ba. Ruwa na zo gani."

Alhaji ya ji sarai, amma a al'ada maganar ba ta iso gare shi ba sai na kai ta. In na yi shiru, shi ke nan, ba ta faɗa ba, gobe kuma tana jirgi. Na dai daure na ce, "Ranka ya daɗe, Hajiya ta ce ruwa ta zo gani, kuma ba ta gan shi ba tukuna." Na ƙara da cewa akwai wata doguwar gada ta katako da ta shiga cikin teku, in mutum ya kai ƙarshenta ya ba gari baya, ba ya ganin kowa.

Alhaji ya waiwayo ya ce, "Malama, haka ta ce?"

"Ta ce fiye da haka, ranka ya daɗe."

Direba ya kama tarin ƙarya. Alhaji ya ce a tsaya.

Haka muka bi gadar, shi yana gaba idonsa a kan takalminsa, mu muna baya, Hajiya tana tambayata me ake soyawa a nan, me yaran can suke hawa. Da muka kai ƙarshe ta dafa ƙarfen, ta ɗan ɗaga tabarau, ta tsaya. Iska tana kaɗa mayafinta. Ta tambaye ni ina ƙetaren, na ce akwai, amma ido ba ya kaiwa. Ta ce ko da mai lafiya ne? Na ce ko da mai lafiya ne. Ta jinjina kai, ta ci gaba da kallo har sai da ƙafafuna suka gaji.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ki ce wa wancan Allah ya yi masa albarka."

Yana tsaye kusa da ita, kafaɗunsu sun kusa haɗuwa. Na juya na gaya masa. Ya cire hula, ya goge fuska da hannun riga, ya ce in ce mata amin.

Har yau ina gode wa matar nan. A wurinta na gane cewa tsara hanya ƙaramin ɓangare ne na aikinmu. Mutanenmu suna tahowa da kunyarsu cikin jirgi, kuma sau da yawa abin da ya kawo su yana bakin wanda ba zai iya faɗa ba. In an ba ku saƙo irin wannan, ku rage masa kaifi in kuna so, amma ku kai shi.