Akwatin da Salisu Ya Fito da Shi

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai ƙanena Salisu makwancinsa a Yankara. Ban yi boko ba, ɗiyata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana.

Salisu mai gyara ne. Ya fara da rediyo a Funtuwa, ya wuce Zariya ya koyi kwamfuta, ya dawo ya buɗe shago a Ƙanƙara. Lokacin kuɗin mai ya cika ƙasa. Kowane ofishi sai da aka saya masa kwamfuta, har inda babu wanda ya san wurin kunna ta. Wasu an lulluɓe su da zane, kullum ana goge su, ba a taɓa aiki da su ba. In ɗaya ta mutu tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, Salisu ake nema. Ni ke kai shi a kan babur, don kabu-kabu nake yi da rani.

Wata bazara, dab da saukar ruwa, aka kira shi ofishin wani kwamiti mai rabon taki. An rubuta sunayen manoma daga Sheme da Yankara har Damari, an zuba a kwamfuta, sai ta ƙi tashi. Mun tarar da manoma sun cika baranda da gindin bishiya suna jira. Sunana na cikin waɗanda aka rubuta, da ƙafata na je na bayar.

Salisu ya danna, shiru. Ba fitila, ba ƙarar fanka. Bai yi saurin buɗe ta ba. Ya jona rediyon sakataren kwamitin a soket ɗin, rediyo ya yi magana. Ya canja wayar wuta da wata daga jakarsa, shiru dai. Sai ya juya ta, ya kai hanci inda iska ke fita ta baya.

"Yaya, zo ka ji."

Na ji warin ƙonanniyar roba.

Ya buɗe gefenta ya nuna mini wani akwatin ƙarfe a kusurwa, da damin wayoyi kala-kala suna fita daga cikinsa. Masu gyara na ce masa fawa-fak. Shi ke karɓar wuta daga bango, ya rage mata ƙarfi, ya raba wa sauran kayan ciki. Salisu ya cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa ɗan guntun ƙarfe ya haɗa koriyar waya da baƙa, ya jona. Fankar akwatin ba ta motsa ba. Ya ɗora mitar gwada wuta, ita ma ba ta nuna komai ba.

Ya tambayi sakatare ko da janareta suke aiki. Ya ce e. Janaretan ya yi ihu kafin kwamfutar ta mutu? Ya ce ya yi, har ƙwan fitila ya fashe.

"To shi ya ƙone shi," in ji Salisu. "Rubutunku ba nan yake zama ba, yana can ƙasa cikin wancan ɗan ƙarfen. Lafiyarshi lau in Allah ya yarda."

A ranar muka je Funtuwa muka dawo da sabo irinsa. Ni na riƙe kusoshi huɗu cikin hulata. Ya zaunar da sabon, ya mayar da kowace waya raminta, ya duba ɗan jan makunnin baya ya ga yana kan lambar wutarmu, sannan ya danna. Fanka ta juya, kwamfuta ta yi ƙara ɗaya, gilashi ya kawo. Ya ce wa sakatare ya buɗe sunayen ya bi su har ƙarshe. Sakatare ya bi, ya ce, "Suna nan duka." Da kunnena na ji.

Salisu yana da ƙa'ida da ya koya wurin maigidansa na Funtuwa. Duk abin da ya cire, ko ƙwayar kusa ce, a kan teburin mai kaya yake barinsa, don kada a ce ya musanya. Ranar ma ya ajiye mataccen akwatin a tebur. Sakatare ya ce, "Malam Salisu, kwashe mana wannan shara, Alhaji shugaban kwamiti na hanya." Kunya ta sa Salisu ya ɗauka. Muka ɗaure shi a bayan babur, wayoyi na reto, a gaban duk mutanen da ke baranda.

Bayan mako aka raba taki. Sunaye da yawa babu, har nawa. Duk wanda ya je ƙorafi amsa ɗaya ake ba shi: "Ba ku ga akwatin da mai gyara ya fita da shi ba? Sunayenku na ciki."

Kada mai karatu ya yi mana dariya. Mu rumbu muka sani da akwati. Wanda ya ɗauki akwati ya ɗauki abin da ke ciki. Kuma kowa ya gani da idonsa.

Suka zo shagonsa a Ƙanƙara, ina zaune a ƙofa. Baba Mati na Damari, tsoho mai sanda, shi ya yi magana.

"Malam Salisu, ba faɗa muka zo ba. Ruwa ya sauka. Buɗe ka ba mu sunayenmu mu tafi."

Salisu ya ɗauko akwatin daga ƙarƙashin benci, ya kwance shi a gabansu. Baƙin hayaƙi, ƙura, da wasu 'yan abubuwa da suka kumbura suka fashe. Ya ce, "Baba, wannan wuta kawai yake rabawa. Ko harafi ɗaya ba ya riƙewa."

Wani daga baya ya ce, "Ya riga ya kwashe, ya sai da ma 'yan Funtuwa!" Wani ya ce, "Kai da ka yi Zariya, ai ka san inda ake ɓoye su." Aka yi dariyar da ba ta daɗi ba.

Sai Salisu ya nuna ni. "Ga yayana. Yana wurin, ya ji abin da sakatare ya ce."

Duk suka juyo. Masarata ta tsiro, ba ni da ko buhu ɗaya, kuma ni na ɗaure akwatin nan da hannuna na ji nauyinsa. Na ce, "Na ji ya faɗa. Amma ni ban iya karatu ba, ban san abin da ke kan gilashin ba."

Ban yi ƙarya ba, amma kowa ya gane yayansa ma bai tsaya masa ba. Ban tsaya nan ba. Da suka watse na matsa kusa da shi na rage murya na ce, "Salisu, in da hali, ko nawa kaɗai ka maida." Ya dube ni. Ya ce, "Yaya, la'asar ta yi." Ya ɗauki buta.

Daga nan ba ofishin da ya sake kiransa. Har rediyo mutane suka daina kawo masa. Takin kuwa ya fito kasuwa buhu-buhu, kowa ya gani, wasu suka ce ai na Salisu ne. Ya rufe shago ya koma gona. Damina ta uku ciwon ciki ya kwantar da shi, ya tafi. Duk tsawon lokacin kwano ɗaya muke ci, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ni ma ban tayar ba.

Da Salisu zai leƙo duniya yau, ban san me zai fi ba shi mamaki ba. Jikokinmu na yawo da waya a aljihu, kuma ko ƙaraminsu ya san sunaye ba a caja suke zama ba. Sakataren nan ya je Makka, a sahun gaba yake salla. Gonar da na juya wa ƙanena baya saboda takinta, shekara da shekaru ban taka ta ba, 'yan bindiga sun raba mu. Sun taɓa ɗauke ni, na sha duka a daji na dawo da raina, yanzu ina raɓe a Ƙanƙara. Na iya ba da labarin dajin ba tare da muryata ta canja ba. Wannan na shagon ne ban taɓa ba kowa ba sai yau.

Me ya rage nasa? Shagon ya zama wurin sai da fetur a kwalba. Kwamfutocin da ya tayar duk sun mutu. Sunansa kawai ya rage, kuma ba yadda zai so ba. A yankinmu in abu ya ɓace ba dalili, sai a ce ya shiga akwatin Salisu. Na daɗe ina ji ina wucewa. To ga shaidata, ko da ta makara: sunayen na nan lokacin da muka bar ofishin. Ƙanena bai ci takin kowa ba. Allah ya jiƙan shi, ya yafe mini.

Watan jiya a kasuwar Ƙanƙara wata mai sai da gero tana ta laluben mudunta, ta ce, "Kai, mudun nan ya shiga akwatin Salisu!" Na tsaya na ce mata, "Hajiya, ƙanena ne. Babu komai a akwatin."

Ta ce, "Ashe mutum ne, Baba? Na ɗauka magana ce kawai. Allah ya jiƙan shi."

Ta koma neman mudunta. Kafin in kai bakin kasuwa na sake jin wani ya faɗa.