Munsharin da Muka Ɗauka Barci Ne

Akwai wata ranar Asabar da na san ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ita ce ranar da ƙanina ya rasu, bayan mun wuni muna jin munsharinsa muna cewa gara ya huta.

Bulo yake bugawa a Tarauni. Da bayansa ya riƙe, wani mai kemis ya ba shi tramol, tun yana shan ɗaya har ya kai in bai sha ba ko shebur ba ya iya ɗagawa. Ni da Inna, mahaifiyarmu, mun sani, amma ko a tsakaninmu ba ma kiran sunan abin. "Larurarsa" muke cewa.

Shi da bakinsa ya ce ya gaji, yana so ya daina. Na raka shi wani asibitin gwamnati mai sashen masu shaye-shaye, aka rubuta sunansa aka ce babu gado. Sau uku muna komawa. A na ukun ma'aikaciyar ta ja ni gefe ta ce kada in riƙa wahalar da kaina, an daɗe da yi musu alkawarin ƙarin gadaje, amma kuɗin bai fito ba. Sai ya kulle kansa a ɗaki a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Sati uku yana gumi, yana amai, yana cizon filo, har ya miƙe ya koma aiki. Ba mu san cewa wanda ya daina, in ya koma ya sha adadin da ya saba, jikinsa ba zai ɗauka ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mana.

Ranar Asabar ɗin ya dawo da azahar yana tangaɗi, ya ce gajiya ce, ya shige ɗaki ya kwanta. Ina kan keken ɗinki, amma na kasa haɗa ko hannun riga. Munsharin ba irin nasa ba ne. Sai ya ja, ya yi shiru har in miƙe tsaye, sannan ya sake ja. Na je ƙofar ɗakin na dawo ya fi a ƙirga. Inna ta ce in zauna na hana ta sakat, barci ne zai fitar masa da gajiyar.

Da la'asar na shiga tashinsa salla. Na girgiza shi, bai motsa ba. Leɓensa ya yi duhu. Inna ta fasa gwangwanin madara muka ɗura masa, yadda ake yi wa wanda ya sha guba, madarar tana gangarowa ta gefen bakinsa. Muka yayyafa masa ruwa. Na ce bari in kira Sista, wata nas 'yar kudu, Kirista, da ke haya a jikin gidanmu. Inna ta riƙe min zani.

"In ta shigo, unguwa ta ji. Ki rufa masa asiri."

Na tsaya. Wannan tsayuwar ce har yau take hana ni sukuni. Ban san minti nawa ba ne, na dai san sai da na ji an tayar da salla a masallaci sannan na fizge zanina na fita.

Sista ta shigo da kumfar wanki a hannunta. Ta buɗe idonsa, ta tambayi me ya sha. Inna ta ce zazzaɓi ne. Ba ta ko kalli Inna ba, ni ta kalla.

"Anti, faɗa min gaskiya. Mama za ta yafe miki daga baya."

Na faɗa. Ta ture gwangwanin, ta juya shi gefe, ta ce akwai allurar da ke dawo da numfashin irinsu nan take, mu yi sauri.

Ƙaramin asibitin unguwa muka fara zuwa a adaidaita, shi ne kusa. Ma'aikacin ya ce ya san allurar, a wajen horo ya gan ta, amma ba a taɓa kawo musu ba. Muka koma cikin adaidaita muka nufi babban asibiti. Titi ya cushe, kowa yana danna hon. Kansa yana kan cinyata, Sista ta durƙusa tana hura masa iska a baki. Can munsharin ya tsaya. Wallahi sai na ji daɗi, na zaci sauƙi ne. Ita ba ta daina hurawa ba har bakin ƙofar asibitin.

A zaman makoki Inna ta riƙa cewa zazzaɓi ne, ban ƙaryata ta ba. Uwa ce, abin da ya rage mata ke nan ta yi masa.

Na yarda ajali ne, ba na jayayya da Allah. Amma gadon da bai samu ba da allurar da ba a saya ba, waɗannan a hannun mutane suke, kuma ba za a taɓa ware musu kuɗi ba muddin kowane gida yana cewa zazzaɓi ne. Abin da na koya ke nan. Yanzu duk wanda ya tambaye ni abin da ya kashe ƙanina, ina cewa tramol ne. In na ga ya sunkuyar da kai, sai in tambaye shi ko akwai wanda yake ɓoyewa a gidansa.