Larabar Malama Nafisatu

Nafisatu Dikko 'yar Dosara ce, ta taso tsakanin awakin mahaifiyarta da gonar gyaɗar mahaifinta. Ita ce mace ta farko a danginsu da ta yi digiri na biyu, kuma ta shekara goma sha ɗaya tana koyar da ilimin noma a wata kwaleji a Talata Mafara. Ranar Laraba ba a samunta a ofis. Takan kwashi ɗalibanta zuwa fadamun Bakura, su shiga laka har gwiwa, su ji daga bakin manoman shinkafa abin da ke cinye musu amfani.

Sai aka yi sabon shugaba, ya zo da tsarin maki. Aka kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, ƙarfe takwas da ƙarfe huɗu. Wanda bai buga maƙala a mujallar ƙasar waje ba, babu shi babu ƙarin girma. Na'ura kuwa ba ta san fadama ba. Kafin zango ya ƙare ta lissafa wa Nafisatu fashin kwana goma sha uku, aka aiko mata takardar tuhuma, aka ce ta bayyana gaban kwamiti.

Hankalinta ya tashi ƙwarai, har ta saddaƙar korarta za a yi. Malama Hamdiyya, wadda suke ofis ɗaya, ta tarar da ita tana ɗaure littattafanta.

"Yaya Nafisa, mi kike yi haka, tun ba a zauna ba? Ina rahotannin da ɗalibai ke rubutowa daga gona?"

"Suna cikin kabad. Wa zai duba su?"

"Mu dai mu kai musu."

Buhu guda suka cika, suka kinkima tare har ɗakin taro. Shugaban kwamitin, Dakta Falalu, ya zaro ɗaya ya buɗe, busasshiyar laka ta zubo a teburinsa. Kowane rahoto da kwanan wata, da sa hannun sarkin noma.

"Malama, duk waɗannan aikin Laraba ne?"

"Duk Laraba, ranka ya daɗe, sai ranar da ruwa ya hana mota wucewa."

Ya juya ga sakatare ya tambaye shi ko fom ɗin makin yana da gurbin aikin gona. Sakatare ya duba gaba da baya, ya ce babu.

"To, ai ba ita ta yi fashi ba," in ji Dakta Falalu.

Aka janye tuhumar, da sharaɗin kowace Talata ta riƙa rubuto sanarwar fitarta ta Laraba. Ƙarin girma dai an ce sai maƙala ta fito, ko a baɗi. Wannan bai dame ta ba a ranar. Da suka fito, ta zauna a kan dakali tana maimaita alhamdulillahi, hawaye na zuba tana dariya.

Hamdiyya ta bar ta ta huce, sannan ta duba agogo.

"Tashi, Yaya. Kina da aji ƙarfe sha biyu, kuma lasifikar ɗakin ta lalace."