Baba da Kalmar Caji

Shekarar da na zo Minna koyar da Larabci a wata makarantar kuɗi, iyalina na bari a gida, na kama ɗaki ɗaya a Kpakungu. Gidan haya ne cike da mutane, teloli da makanikai da masu sayar da gwanjo, amma kowa ya fita da sassafe sai ya dawo a gajiye. In na taso daga makaranta sai in dafa taliya a risho, in ci ina kallon bango.

Ɗakin da ke jikin nawa na wani dattijo ne Kirista, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, matarsa ta rasu. Baba kowa yake ce masa. Bayan la'asar yakan fito da benci da rediyo ya kama labaran Turanci. Ni Turancina kaɗan ne, in na tsinci kalma ɗaya sai sauran su wuce ni.

Wata rana na ji mai karanta labarai ya ce "caji" a labarin wasu da aka kai kotu. Ni cajin waya na sani, wanda nake kaiwa shagon bakin titi in an ɗauke wuta. Na leƙo na ce, "Baba, mutane ma ana yi musu caji?"

Ya yi dariya har da tari. "Malam, zo ka zauna. Wannan tuhuma ne. Ba ka san caji ofis ba?"

Na san caji ofis tun ina yaro, ban dai taɓa haɗa su ba. Na zauna, kuma daga ranar kullum sai na zauna.

Kalmar ta yi ta dawowa. Da aka ce an ƙara cajin lantarki, Baba ya ce kuɗin wuta ke nan, ya yi tsaki. Wani jami'i da aka ce shi ne "in caji", ashe wurin a hannunsa yake. Har giwa aka ce ta yi caji a wani gandun daji, Baba ya miƙe ya sunkuyar da kai ya nufo ni a guje don in gane. Da ya ji kalmar sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga abokinka ya zo."

In an gama labarai yakan yi mini hirar 'yarsa. "Yana aikin asibiti a Abuja," haka yake faɗa, "yana" maimakon "tana", ban taɓa gyara masa ba.

Da damina ƙafafunsa suka kumbura. Wata rana na dawo na tarar da kwaɗo a ƙofarsa. Matar mai gidan ta ce 'yarsa ta zo da mota ta tafi da shi. Ba ni da lambarsa. Me zan yi da lambar wanda bango ɗaya ya raba mu?

Na sayi ƙaramar rediyo, ina ji a ɗaki. Wata yamma aka ce wata ƙasa ta kira "caji" na ofishin jakadancin maƙwabciyarta. Na juya shi ta kowace fuska, bai shiga ko ɗaya cikin waɗanda na sani ba. Washegari na tambayi malamar Turanci. Ta duba wayarta ta ce muƙaddashin jakada ne, wai asalinsa ma Faransanci ne, ta ci gaba da duba jarrabawar yara. Na yi godiya na fita.

Wani matashi mai tuƙa keke ya kama ɗakin Baba, shi sai kiɗa.

Dab da hutu matar mai gidan ta tare ni a bakin famfo, ta kira wani suna ta ce ya rasu, har an binne shi a ƙauyensu bayan Bosso.

Na ce, "Wa ke nan?"

Ta dube ni da mamaki. "Baba mana."

Na ajiye bokitin. Ruwa ya cika yana zuba, sai ita ta kashe famfon.