Ranar Da Malam Ya Ga Gada Ta Motsa

Jiya ina nuna wa ɗalibaina yadda gada ke karyewa a kwamfuta, sai wata ɗaliba ta fashe da dariya. Nan take na tuna marigayi malamina, wanda ya koya mini lissafin gini.

Bayan ya yi ritaya, wata rana da damina ya hau acaɓa daga Kolere ya zo ajina, bakin wandonsa duk taɓo, yana ƙamshin turarensa na kullum. A kwamfuta na zana gada a kan mayo, wato kogi, ya ce in ɗora mata tirelolin shanu. Ina ƙarawa, ƙarafunan suna rikiɗa daga kore zuwa ja, har tsakiyarta ta lotsa ta rufta. Ya yi ta dariya har da hawaye.

Ya ce, "Sake karya ta, ɗana. Na tsufa ina zana wannan da alli, ban taɓa ganin ta motsa ba."

Sannan ya juya ga ɗalibai. "Ku karya ta a nan son ranku. A waje, iyayenku ne za su hau."

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.